Inda Kibiyoyin Malam Taransifoma Suka Dosa

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa baiwar ilimi har ta yi musu yawa, dole a fara da malamin kimiyya na babbar sakandaren nan ta bayan tashar mota, sannan a ɗan huta kafin a ambaci na biyu. Mutum ne da ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya auna ta. Dogo ne, mai tumbi daidai misali, da biro huɗu a aljihun gaba, kowanne da launinsa, ko da yake uku daga ciki sun daɗe da bushewa. Kafin ya yi magana yakan yi wani gurnani a maƙogwaro, "hmmm" mai tsawo, wanda ake jiyowa tun daga bakin ƙofar makaranta. Saboda wannan gurnani ne ɗalibai suka raɗa masa Malam Taransifoma. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, ya ce yaran bana suna da basira, tunda har sun gane cewa unguwa guda ce ke shan haske daga jikinsa. Ba a sami mai ƙarfin halin tuna masa cewa taransifomar unguwar aikinta biyu ne ba: gurnani, da lalacewa ranar da aka fi bukatarta.

A duk littafin kimiyya, darasi ɗaya ne ya kwanta masa a rai. Darasin kuwa ba wani dogo ba ne. In aka ajiye cajin lantarki a wuri, kowane bigire da ke kewaye da shi yana da nasa tsayi, wanda ido ba ya gani amma mita tana aunawa da bolt. Wani wurin tudu ne, wani kwari. In ka bi duk wuraren da mita ta nuna lamba ɗaya, ka haɗa su da fensir, ka sami layin daidaito, wanda ɗalibai ke kira layin kunnen doki. Shi kuwa ƙarfin lantarki ba ya bin wannan layi. Ratsa shi yake yi a gicciye, daga babbar lamba zuwa ƙarama, sai a zana kibiya a nuna inda ya dosa. Shi ke nan. Wani malamin zai gama wannan kafin a kaɗa ƙararrawa, ya tafi shan shayinsa. Malam Taransifoma kuwa shekara da shekaru yana ciki bai fito ba, domin ya gano abin da ya shige wa marubutan littafin duhu: darasin a kansa aka yi shi.

Ranar da wannan haske ya sauko masa, ya shigo ofishin malamai da alli da igiya. Ya ja kujerarsa zuwa tsakiyar ɗaki, ya ɗaure igiyar a ƙafarta, ya duƙa yana nishi, ya zana da'ira a kan siminti. Ya ƙara wa igiyar tsawo, ya zana wata a bayanta, ya sake zana wata, har ta ƙarshe ta taɓa bakin ƙofa, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Sannan ya miƙe, ya kaɗe hannu, ya yi gurnani.

"Hmmm. 'Yan'uwa malamai, in dai ya halatta in kira ku haka. Abin da ke damun makarantar nan shi ne mutane ba su san tsayinsu ba. Yau na zo muku da magani. Kowa akwai layinsa. Waɗanda ke kan layi ɗaya kunnen doki suke, suna iya raha, suna iya shan shayi a kofi ɗaya, babu abin da ke gudana tsakaninsu. Amma daga layi zuwa layi, akwai doka. Umarni, faɗa, gyara, aiki, duk daga ciki suke fita zuwa waje. Daga tudu zuwa kwari. Tun da aka halicci lantarki ba a taɓa ganin kibiya ta hau tudu ba."

Da'irar farko babu kowa a kanta, domin ya ce tukuna ba a haifi mai hawa ta ba. A ta biyu ya ajiye shugaban makaranta, don ladabi. Malaman lissafi suka sami ta uku. Masu koyar da harshe da tarihi aka tura su ta huɗu, kusa da taga. Malamin wasanni kuwa, tare da masinja, suka ci gadon ta ƙarshe, suka zama maƙwabtan tsintsiya. Kuma tunda komai a can yake ƙarewa, sai aka rataya wa malamin wasanni mabuɗin banɗakin malamai, mabuɗin da kowa ke gudu, domin mai riƙe da shi ba ya gama jimla guda a aji ba tare da wani ya leƙo ta taga yana mutsu-mutsu ba.

Shugaban makarantar dattijo ne mai jiran ritaya, kunnensa ɗaya ya riga shi tafiya. Da ya ga zanen alli a ƙasa, ya ɗauka birkila ne ya zo auna simintin da za a gyara, ya ce madalla, ya tsallake ya wuce. Malam Taransifoma ya ɗauki wannan madalla a matsayin sa hannun hukuma. Duk lokacin da mai shara ta goge layukan, da safe sai ya sake zana su, har ta gaji ta koma sharar tsakankaninsu.

Mutum ɗaya ce ta taɓa yin kuskuren fahimtar darasin da wuri, wato malamar labarin ƙasa, mace mai sanyin magana wadda kullum ke fama da naɗaɗɗun taswirori a hammata. Ta dubi zanen ta ce, "Af, Malam, ai irin layukan da muke yi a taswira ne, don a gane tudu da kwari. Inda suka matsu da juna, nan gangara ta fi tsanani. Ruwan sama ma a gicciye yake ratsa su in zai sauka."

Malam Taransifoma ya dube ta kamar wadda ta kwatanta jirgin sama da fara.

"Malama," ya ce, "ke kina koyar da ƙasa, abin da ake takawa. Ni ina koyar da abin da in ya taɓa mutum sai an kira 'yan'uwansa. Kada a sake haɗa su."

Washegari ta tarar an mayar da kujerarta baya da layi ɗaya. Ta zauna abinta, ta ce nan ma ya fi iska.

A gida ma ilimin bai bar kowa ya huta ba. Tabarmi uku ya sa aka shimfiɗa a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, shi yana kan kujerar roba a tsakiya. Matarsa mace ce da ta daɗe da gano cewa gardama da shi tana ƙona girki, saboda haka duk abin da ya faɗa sai ta ce, "Haka ne, baban yara," ta ci gaba da abin da ta ga dama. Yayarsa ce kaɗai ba ta san layi ba. In ta zo, takan ratsa tabarmin uku da takalminta, ta dafa kansa, ta ce, "Kai, tashi ka ba ni kujerar nan, ƙafata na ciwo." Ya taɓa ƙoƙarin yi mata bayanin tudu da kwari, ta ce, "Ni da na goya ka kana tsula mini fitsari a baya? Ai na san inda abu ke gangarowa tun kafin ka san alli." Daga ranar ya yanke hukunci cewa Yaya ba ta cikin manhaja.

Akwai kuma maganar tabarau. Likita ya daɗe da gaya masa cewa idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwa na kusa. Malam Taransifoma ya yarda da rabin maganar, domin dama bai taɓa ganin amfanin kallon ƙananan abubuwa ba. An sayi tabarau, amma ba ya sa shi sai a ɗaki, ƙofa a kulle. A ganinsa, mutumin da jama'a ke kallo bai kamata a gan shi yana neman taimakon gilashi ba.

Kayan gwajin wannan darasi kuwa suna nan a makarantar, sababbi fil, cikin kwalinsu, cikin kabad, kabad ɗin a kulle, mabuɗin a aljihunsa tare da busassun birukan nan. Ɗalibai sun shigo sun fita, wasu har sun yi aure sun kawo 'ya'yansu, babu wanda ya taɓa ganin mitar da ido. Yakan ce hannun yaro kwari ne, kayan kimiyya tudu ne, in suka haɗu akwai asara. A allo yake zana komai, yara su haddace. Sun kuwa haddace, domin duk wanda ya ɗaga hannu zai yi tambaya, tambaya ɗaya ce ke jiransa:

"Kibiya tana hawa tudu?"

"A'a, Malam."

"To sauke hannunka."

Ana nan sai takardar ritayar shugaba ta iso. Hukumar makarantar ta ce malamai biyu ne suka cancanci kujerar, Malam Taransifoma da malamar labarin ƙasa, kuma za a turo kwamiti ya zauna a ajin kowannensu ya ga yadda yake koyarwa, sannan a zaɓa. Malam Taransifoma ya yi mamakin jin cewa har akwai zaɓi a ciki, amma ya yafe wa hukuma, ya ce tsari ne. Kujerar nan kuwa ya daɗe yana kwana da ita yana tashi da ita. Ya riga ya auna labulen ofishin shugaba da ido. Ya riga ya gaya wa tela ya ajiye masa yadi. Ya riga ya gaya wa surukansa cewa daga wata mai zuwa sai dai su riƙa aiko da saƙo kafin su zo.

Sai ya yanke shawarar yin abin da bai taɓa yi ba. Zai buɗe kabad.

Shirin da ya yi, ko maƙiyinsa ya gani sai ya yaba. Ya fito da faffaɗan farantin gilashi, ya shimfiɗa takarda mai gidaje-gidaje a ƙarƙashinsa don a riƙa gane kowane bigire. Ya zuba ruwa, ya barbaɗa ɗan gishiri. Ya lanƙwasa wayar tagulla ta zama babban zobe, ya kwantar da ita a gefen farantin, ta kewaye ruwan. A tsakiya ya kafa sandar ƙarfe mai ruwan zinariya, wadda ya kwashe yamma guda yana gogewa da tsumma. Sannan ya samo wata ƙatuwar farar takarda, wadda yara za su kwafe lambobin a kai su zana layuka. A bakin takardar, daidai inda zoben yake, ya rubuta "sauran jama'a". A tsakiyarta, daidai inda sandar take, ya manna hotonsa, wanda ya ɗauka da babbar riga, hannu a haɓa, yana kallon nesa.

Da safen ranar zuwan kwamitin, matarsa ta biyo shi har zaure.

"Baban yara, ga tabaranka."

"Hmmm. Yau ranar da za a kalle ni ce, ba ranar da zan kalli wani ba."

"Haka ne, baban yara," ta ce, ta soke shi a ƙugun zanenta.

Kwamitin mutum uku ne. Akwai wani jami'i daga ofishin ilimi, wanda tun da ya zauna ya lumshe ido don ya fi jin darasin da kyau. Akwai wakilin iyayen yara, mai sana'ar gyaran famfo, wanda ya sa rigarsa ta zuwa biki tana matse masa wuya. Sai shugabar kwamitin, wata dattijuwa da ta koyar da kimiyya har ta yi ritaya, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, rataye da sarƙa a wuyanta, ba ta ko jin kunyar sa shi. Malam Taransifoma ya dube ta, ya tausaya mata a zuci. Malamai ma sun cika bayan aji, kowa ya tsaya daidai nisan da ya saba.

Saura haɗa batir. Batirin ɗan ƙarami ne mai kusurwa huɗu, irin wanda kawunansa biyu ke sama gefe da gefe. Ɗaya kan ƙarami ne, sumul, kamar maɓallin riga. Ɗayan ya fi shi faɗi, bakinsa a naɗe da ƙwarya-ƙwaryan kunnuwa, sak kambin sarauta. A jikin batirin akwai 'yan alamomi da ke nuna wane kai ne na tarawa, wane ne na ɗebewa, amma ƙanana ne, irin abubuwan da Malam Taransifoma ba ya kallo. Bai ma ga dalilin kallo ba. Ga babba mai kambi, ga ƙarami mai kan maɓalli. Ya ɗauki wayar da ta fito daga sandarsa ta tsakiya ya maƙala wa mai kambi. Ya ba sauran jama'a maɓalli.

"Hmmm. Ranki ya daɗe, manyan baƙi, da sauran waɗanda suka samu shiga. Yau za ku ga abin da ba a taɓa gani ba a ginin nan. Wannan ita ce mita. Mita ba ta san fuskar kowa ba. Ba ta da ƙane, ba ta da suruki, ba ta karɓar gaisuwa. Abin da ta faɗa shi ne gaskiya, ko ya yi wa mutum daɗi ko ya ƙona shi. Baƙar wayarta zan ɗaura wa zoben nan na waje, domin daga sauran jama'a ake fara ƙirga, su ne sifili. Jar wayar kuma yara za su riƙa tsomawa a ruwa, suna matsowa tsakiya. Ku zuba ido ku ga yadda daraja ke hawa."

Yara suka kewaye farantin suna ɗoki, domin yau ce rana ta farko da suka taɓa abin da suka haddace. Shugabar aji ta tsoma jar wayar a jikin zoben. Sifili. Ta matso ciki kaɗan. Lamba biyu ta fito, amma da wani ɗan siririn layi kwance a gabanta, kamar ƙafar sauro. Alamar ɗebewa. Yaran suka kalli juna. Ta ƙara matsowa. Huɗu, da ƙafar sauron nan. Shugabar aji ta ɗaga hannu.

"Malam, akwai wani ɗan…"

"Kibiya tana hawa tudu?"

"A'a, Malam."

"To sauke hannunki. Ku rubuta abin da mita ta ce, kada ku ƙara, kada ku rage. Ranki ya daɗe, kin ga irin tarbiyyar da nake ba su."

"Ina gani," in ji dattijuwar. Ta gyara zaman tabaranta, ta ɗan leƙa fuskar mitar, ta koma ta jingina.

Yara suka rubuta abin da mita ta ce, ba su ƙara ba, ba su rage ba. Suka bi ruwan bigire bigire, suna neman wuraren da lamba ta zo ɗaya, suna ɗiga alama a babbar takarda. Da aka iso jikin sandar tsakiya, Malam Taransifoma ya ture su, ya ce wannan awon ba na yara ba ne. Ya karɓi wayar da kansa, ya taɓa sandar, ya ja kai baya, ya ƙanƙance ido. Lambar dai babba ce, ya gan ta.

"Tara!" ya ce. "Duk abin da batirin ya mallaka, nan ya kawo shi. Bai rage wa kowa komai ba."

A daidai lokacin ne wasu ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikin sandar, suna hawa saman ruwa suna fashewa. A irin wannan gwaji, wajen wayar ɗebewa ne kumfa ta fi taruwa. Dattijuwar ta san haka. Malam Taransifoma kuwa ya nuna su da tsinin busasshen biro.

"Ku duba. Ban ce ya yi ba. Ruwa ne da kansa ya ga abin da ya gani, ya kama tafi."

Mai gyaran famfo ya gyaɗa kai. Shi a sana'arsa in ya ga kumfa yakan nemi inda ya fashe ne, amma ya ƙyale, tunda ba a wurin aiki yake ba.

Aka kai babbar takarda teburin baya. Malam Taransifoma ya ba da umarni ba tare da ya waiwaya ba: a haɗa layukan daidaito da baƙi, a zana kibiyoyi da ja, manya-manya yadda na bayan aji zai gani, kowace ta ratsa layi a gicciye, daga babbar lamba zuwa ƙarama. Yaran sun san lissafinsu. Sun san sifili ya fi ɗebe-biyu, ɗebe-biyu ya fi ɗebe-huɗu, kuma a duk takardar babu abin da ya kai ɗebe-tara ƙasƙanci. Suka duƙufa. Shi kuwa ya juya musu baya, ya fuskanci kwamiti, ya kama bakin rigarsa da hannu biyu.

"Kafin su gama, ranki ya daɗe, bari in ba ku abin da ba ya cikin littafi. Makaranta ma haka take. Akwai inda kibiyoyi ke fitowa, akwai inda suke ƙarewa. Wanda suke fitowa daga gare shi, shi ne shugaba, ko an naɗa shi ko ba a naɗa ba. Naɗin cika takarda ne kawai. Wanda kuwa suka taru a kansa, suka ƙare a wurinsa, shi ne ƙarshen kwari. Babu wani a ƙarƙashinsa da zai miƙa wa komai. Ba laifinsa ba ne, haka aka auna shi. Irin wannan bawan Allah ba a ba shi ofis, ba a ba shi hatimi. Abin da ya dace da shi," ya ɗan waiga wajen malamin wasanni, ya yi murmushin tausayi, "shi ne mabuɗin banɗaki. Kuma in yana da hankali, sai ya karɓa da hannu biyu, domin mita ce ta ba shi."

Aka kawo takardar. Ya karɓe ta ta baya, ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ta rufe masa fuska, ya juya ta wajen kwamiti. Bai duba ba. Mutum ba ya duba abin da ya riga ya sani.

Aikin ya yi kyau, wannan gaskiya ce. Layukan baƙi sun fito da'ira cikin da'ira, suna ƙara matsuwa in sun kusanci tsakiya. Jajayen kibiyoyi kuma sun taso daga kowace kusurwa, daga wajen sauran jama'a, sun ratsa layukan a gicciye yadda doka ta ce, sun taru cak a kan hoton mutumin nan mai hannu a haɓa. Ɗaya ta tsaya a goshinsa. Biyu sun shiga kunnuwa. A ƙarƙashin haɓar an rubuta tara, da ƙafar sauronta a gaba, an ma kaurara ta don kada a ce ba a gani ba.

Malam Taransifoma ya tsaya a bayan takarda yana jiran tafi. Abin da ya ji shi ne mai gyaran famfo yana tari, irin tarin da ba na mura ba. Daga bayan aji wani ya fita da gudu. Har jami'in ofishin ilimi ya buɗe ido ɗaya, ya ga abin da ke gabansa, ya buɗe na biyun.

"Malam," in ji dattijuwar, "a ina ka ce kibiyoyi suke ƙarewa?"

"A ƙarshen kwari, ranki ya daɗe," ya amsa daga bayan takarda.

"Mita kuma ba ta ƙarya."

"Ko an yanka ta."

"To ɗan juyo da takardar." Ta cire sarƙar daga wuyanta. "Ungo, ara nawa."

Kibiyoyin ba su bukaci tabarau ba. Amma ya karɓa, domin hannunsa ya rasa abin yi. Ya sa. Duniya ta matso kusa, da duk ƙananan abubuwanta. Ya ga ƙafar sauro a gaban tara. Ya ga ƙafar sauro a fuskar mita. Dattijuwar ta ɗago batirin ta juya masa gefensa, ya ga alamar tarawa zaune lafiya lau kusa da ƙaramin kan nan mai kama da maɓalli.

Ya buɗe baki zai yi gurnani, gurnanin ya ƙi tashi.

"Yaran ne…" ya fara.

"Yaran ba su yi kuskure ko ɗaya ba," ta ce. "Na duba. Na daɗe ban ga aji ya yi aiki mai tsabta irin wannan ba. Abin da ka koya musu shi suka yi."

"To a juya wayoyin, ranki ya daɗe. Yanzu-yanzu za a ga…"

Sai ƙararrawa ta kaɗa. Dattijuwar ta karɓi tabaranta, ta ce malamar labarin ƙasa tana jiransu, kuma ba a shiga lokacin wani.

Rahoton kwamitin ya fito cike da yabo. Ya ce Malam Taransifoma malami ne wanda ɗalibansa ke bin koyarwarsa sau da ƙafa, kuma zai zama zalunci a raba irin wannan mutum da aji a kulle shi a ofis. Aka ba malamar labarin ƙasa kujerar. Ita kuwa mace ce mai girmama ilimi. Ta sa aka yi wa takardar nan firam da gilashi, aka rataye ta a ofishin malamai, don ta zama abin koyi. Ta kuma hana mai shara goge layukan alli, ta ce tsari ne mai kyau, dama alƙiblarsa ce ba a tantance ba, yanzu kuma an auna.

Tun daga lokacin komai ya kama hanyarsa. In aka kawo aikin tsaron masu makara, masinja ya miƙa wa malamin wasanni, shi ya miƙa wa na tarihi, na tarihi ya miƙa wa na lissafi, na lissafi ya ajiye a kan kujerar tsakiya. In mai kujerar ya ɗaga hannu zai yi magana, sai wani ya tambaye shi cikin ladabi ko kibiya tana hawa tudu. Sunan Taransifoma ma ya bi tsohon shugaba ritaya. Yanzu ko 'yan aji ɗaya Malam Ɗebe-Tara suke cewa.

Malamin wasanni da kansa ya kawo mabuɗin, ya miƙa da hannu biyu, aka karɓa da hannu biyu. An buga ƙusa a hannun kujerar tsakiya, nan yake rataye.

Kada kuwa a ɗauka abin ya karya masa gwiwa. Kwanan baya, suna zaune a tsakar gida, ya gaya wa matarsa cewa gaskiya ta yi halinta. A da, in ji shi, sai ya yi gurnani kafin a kula shi. Yanzu kuwa babu malami ɗaya a makarantar nan, har ita shugabar, da zai wuni bai zo gabansa ba. Kuma ba tafiyar ƙasaita suke yi ba. Da sauri suke zuwa, jiki na rawa, murya ƙasa-ƙasa, wasu har da ɗan rusunawa.

"Haka ne, baban yara," ta ce.